Kofin Tagulla Daga Ƙasar Hindu

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Tun da na dawo, duk yammacin da na zauna a dakalin Alhaji Ɗanladi tela, kusa da Ƙofar Kuyambana, sai an ce, "To Malam Tanimu, yaya ƙasar Hindu?" In na fara, kafin in kai Kano wani ya katse ni da tambayar ko gaskiya ne macizai na rawa a kasuwa. In na yi shiru, Sule taubashina ya ce, "Ku ƙyale shi, auna maganar yake yi da sandar yadi, kada ta yi rara." Ni kuwa tsorona kada in faɗi abin da ban tabbatar ba, ya zama na yi ƙarya. Karatuna bai wuce elementare ba. Amma bazara ta sake zagayowa, zafi ya tuna mini da komai, na ga gara in rubuta iyakar abin da idona ya gani. Inda na kuskure a gafarce ni.

Aikina awon yadi ne a kantin wani tsohon Ba'indiye a Sabon Garin Zariya, wanda kowa ke ce wa Baba Lala. Ya daɗe a ƙasar nan, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Da ciwo ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce ya koma gida. Ba shi da mata ba shi da ɗa a nan. Ya kira ni bayan kanti ya ce, "Tanimu, kai ba ka sata, ba ka mantuwa. Ka kai ni gida, ka dawo."

Na je unguwarmu, Limancin Kona, na gaya wa Inna. Tana kaɗi, ba ta ɗago kai ba sai da na gama.

"Ƙasar da ake ƙona mutum in ya mutu?"

Na ce, "Haka aka ce, Inna. Amma an ce akwai Musulmi."

"An ce." Ta ajiye mazari. "Ban hana ka ba, mutumin nan ya riƙe ka da amana. Abu guda na roƙe ka. Kada ka mutu a can. In ciwo ya kama ka, ka daure ka kawo shi gida."

Matan gida suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ƙulle mini kuka da daddawa da yaji da citta. Maganar nan tata da ita na tafi, da ita na kwana na tashi har na dawo.

Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Kano, daga can jirgin sama zuwa Hartum. Ba zan ce komai game da jirgin sama ba, don idona a rufe yake yawancin tafiyar. Daga Hartum wani jirgin ƙasa ya kai mu Bur Sudan, bakin teku. A nan na ji Hausa ta ƙarshe daga bakin Bahaushe. Wata tsohuwa ce mai sayar da ƙosai, mutuniyar Katsina, shekara da shekaru tana tara guzurin ƙetarawa Makka. Ta ce, "Ɗan nan, kai ma Jidda za ka?" Da na gaya mata inda za ni, ta dube ni ta ce, "Ka zo ƙofar gida ka wuce? To Allah ya sa ka san abin da kake yi." Ta ƙara mini ƙosai. Na tsaya a bakin jirginmu ina kallon na alhazai yana yin wani gefe.

A teku na sha amai da jiri, amma abin da ya fi damuna alƙibla. Tun da aka haife ni gabas nake kallo. Wani ma'aikacin jirgi Balarabe ya nuna mini cewa tunda mun wuce Makka, sai in juya. Na juya, amma zuciyata ba ta kwanta ba, har na riƙa maimaita salla. Daga baya na lura cewa in na kalli yamma, Makka na gabana, Zariya ma na gabana. Wannan ya ɗan rage mini.

A Bombai na ba kaina kunya. Don tsoron ɓarayi na sa Alhaji Ɗanladi ya ɗinke fasfo da takardar lamba ta rigakafi cikin aljihun 'yar-cikina, ɗinki mai ƙarfi, na kuma sake ɗinkewa da kaina a jirgi. Da aka ce a kawo takardu, sai ga ni tsaye ina warware zare da haƙori, mutane a bayana suna surutu. Baba Lala na kan keken marasa lafiya yana dariya har da tari. "Tanimu, ko ɓarawo ya gan ka sai ya ji tausayi." Mai duba kaya ya kwance ƙullin daddawa, ya shinshina, ya ja da baya kamar an mare shi. Daddawar Inna a nan ta tsaya. Kuka da yaji da citta suka wuce.

Daga nan sai doguwar tafiya a jirgin ƙasa zuwa arewa, har wani ƙaramin gari da ba zan rubuta sunansa ba, don ban tabbatar da yadda ake rubuta shi ba. Gidan yayar Baba Lala muka sauka, tsohuwa ce ƙarama, mijinta ya mutu, kullum cikin farin zane. Kowa Maji yake ce mata. Akwai ɗanta Mohan mai jin Turanci, amma yana fita kanti tun da safe. Aka ba ni ɗaki a bakin ƙofa, kamar shigifa. An ce da akwai Musulmi da yawa a garin, amma sun ƙaura shekarun baya da aka raba ƙasar. Ban taɓa jin kiran salla ba ko sau ɗaya.

Ba a cin nama a gidan. Abincinsu shinkafa ce da wani ƙanƙanen wake da aka dafa ya yi ruwa, da gurasa mara kauri. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, na hango ta ƙofa cewa in an sauke tukunya sai Maji ta ɗebi kaɗan ta kai wani lungu inda suke da 'yan gumaka da fitila, ta kaɗa ƙararrawa, sa'an nan a raba. Daga ranar na ce a ba ni tukunyata. Na riƙa dafa shinkafa in barbaɗa yaji, in sha shayi da citta, in sayi nunannen mangwaro.

Ashe ba ni kaɗai ne mai waswasi a gidan ba. Maji ba ta yarda in taka tsakar gida. Kofina na ƙasa ne, a waje ake ajiye shi. In za ta ba ni ruwa daga sama take tsiyayowa, kada butarta ta taɓa kofin. In na tashi daga dakali sai ta zo ta watsa ruwa a wurin. Ni kuma in ta juya baya sai in ɗauraye kofin. Baba Lala ya ce, "Kai da yayata uwa ɗaya ya kamata ta haife ku."

Sai zafi ya sauko. Na ɗauka mun san bazara a Zariya. Nasu dabam ne. Da hantsi wata iska ke tasowa daga yamma, suna ce mata lu, kamar mutum ya kai fuskarsa bakin wutar maƙera. Gari ya mutu har la'asar. Amma na ga mutanen nan sun san kan zafi kamar yadda manomi ya san kan ƙasarsa. Suna rataya asabari na saiwoyi a ƙofa da taga, a riƙa watsa masa ruwa, iskar da ta ratso sai ta shigo da sanyi da ƙamshi. Da na shinshina na gane jema ce, irin wadda ke fitowa a fadamunmu. Suna shan tsala da gishiri da na'ana'a. Suna gasa ɗanyen mangwaro a rushi, a matse cikin ruwa, a sa mazarƙwaila da gishiri. Akwai wasu 'yan baƙaƙen tsaba da ake jiƙawa su kumbura su yi yauƙi kamar ƙwan kwaɗo. Masu ƙuraje na wanka da ganyen darbejiya, wadda a can take kamar ciyawa, an ce ma daga can aka kawo mana ita. Komai a wurinsu ko mai zafi ne ko mai sanyi, kamar dai yadda tsofaffinmu ke cewa game da tsamiya da citta, sai dai su sun fi mu bin abin.

Maji ta riƙa ajiye mini waɗannan abubuwan sha a bakin ƙofa. Ban sha ba. Ina na san wanda ya biya ta lungun ƙararrawa da wanda bai biya ba? Sai in zuba a gindin darbejiya in mayar da kofi. Wata rana ta miƙo mini ƙaramar albasa, ta nuna aljihuna. Kowa a gidan yana da tasa in zai fita rana. Na ce a raina wannan layarsu ce, na jefar a kwata.

Baba Lala ya ga abincina ya girgiza kai. Muryarsa ta riga ta dushe.

"Yaji, citta, mangwaro ja. Tanimu, wuta kake ci. Wuta a waje, wuta a ciki. Sha abin Maji, magani ne."

Na ce, "Maigida, cikina ne ba ya so."

"Kai ba ka iya ƙarya ba. Kada ka fara da tsufana."

Azumi ya kama cikin wannan hali. Ba wanda zan tambaya, ni na hau soro na nemi wata da kaina. Na yi tunanin ko ni matafiyi ne, na ga ai na sauke kaya na zauna, babu dalilin sha. Na ɗauki azumi.

Ba a daɗe ba Baba Lala ya rasu, da safe. Da shi Hausa ta ƙare a garin. Na tsaya a ƙofa na ga yadda suka yi. Suka yi masa wanka, suka goga wani itace a kan dutse da ruwa, suka shafa masa farin abin a goshi, suka rufe shi da furanni, suka ɗauka zuwa bakin rafi. Na bi daga nesa, na tsaya bayan wata katanga. Ban ga komai ba sai hayaƙi. Mutumin da na yi shekaru ina auna masa yadi, wanda ya taɓa zuwa har Limancin Kona gaishe da Inna da ba ta da lafiya. Na dawo ɗaki na zauna, maganar Inna na yawo a kaina.

Mohan ya ce jirgin da zai kai ni Bur Sudan sai an jira, zai gaya mini in lokaci ya yi. Gidan na makoki, ba mai kula ni. Nakan yini ban furta kalma ba sai a salla. Wani lokaci in yi wa akuyar maƙwabta magana, don kawai in ji ko bakina yana nan. Kaina ya fara ciwo, fitsarina ya yi ja, na daina gumi. Na san ba lafiya ba. Na ce in dai mutuwa ce, gara ta same ni kusa da Musulmi.

Daga kan soro na taɓa hango wata ƙubba can gefen gari. Ran nan da hantsi na sa hula na nufe ta, ba laima, ba kowa a hanya sai shanu kwance a inuwa. Na isa, masallaci ne kuwa. Amma an sa masa kwaɗo, ciyawa ta fito a matakala, tantabaru ne kawai ke shiga da fita ta taga. Na buga ƙofa na yi sallama, na sake yi. Na juyo. Ina tuna iskar nan tana dukan fuskata, ina tuna na ga ƙofar gidan Maji daga nesa. Daga nan ban san komai ba.

Da na farfaɗo ina kwance a kan gadon igiya a tsakar gidan da ba a taɓa barina na taka ba. An tuɓe mini riga, an lulluɓe ni da jiƙaƙƙen zane. Na ji abu mai sanyi a goshina, na kai hannu, na duba yatsuna. Farin abin nan ne. Ƙamshin nan ne da na ji ran da aka fita da Baba Lala. Ga Maji a tsugune tana goga itace a kan dutsen nan dai.

Na ce shi ke nan, shirya ni suke yi. Na yunƙura in tashi na kasa. Na ɗaga murya iyakar ƙarfina, wanda bai fi na ɗan tsako ba, na fara kalmar shahada, don ko ba komai in fita da ita. Numfashina ya yanke a tsakiya.

Sai wata murya a bayan kaina ta ƙarasa mini.

Na juya. Wani tsoho ne zaune a ƙasa, da farar hula, gemunsa ja da lalle, hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu kamar na marinan garinmu. Ya ce, "Assalamu alaikum." Kuka ya ci ƙarfina. Na nuna masa goshina ina girgiza kai. Ya gane. Ya miƙa hannu ga dutsen Maji, ya lakato, ya yi bisimilla, ya shafa a nasa goshin da wuyansa, ya yi firfita da hannu ya lumshe ido, wai sanyi. Ashe itacen sandal ne, irin wanda matanmu ke turare da shi.

Maji ta matso da ruwan gasasshen mangwaro. Na nuna sama, rana ba ta faɗi ba. Tsohon ya ɓata rai, ya karanto ayar da ta yi wa mara lafiya rangwame, wadda duk wanda ya yi makarantar allo ya sani, ya nuna ni da yatsa kamar malami na yi wa ɗalibi faɗa. Ya karɓi kofin daga hannunta ya kurɓa, don shi ma tsufa ya sauke masa azumi, sa'an nan ya mayar mata. Maji ta tallafi kaina da hannunta, ta kafa mini kofin a baki. Mai tsami ne, da gishiri-gishiri, da ƙaurin hayaƙi kaɗan. Ban taɓa shan abin da jikina ya karɓa kamarsa ba. Sai da na sha na lura ba kofina na ƙasa ba ne. Nata ne na tagulla, wanda take gogewa da toka kowace safiya.

Da Mohan ya dawo ya yi mini bayani da Turanci. Masu keken shanu ne suka tsince ni. Da Maji ta ga halin da nake, sai ta lulluɓa ta fita da ƙafarta cikin wannan rana, ita da ke cikin makoki, ta ƙetare hanyar jirgi zuwa unguwar marina inda 'yan gidajen Musulmi suka rage. Ni ban ma san da su ba, don suna ɗaya gefen garin. Ya ce kawunsa Baba Lala ya gaya mata game da ni kafin ya rasu: mutumin nan uwarsa na jiransa, in wani abu ya faru kada a kai shi bakin rafi. Ita kuma ta ce, "Mutanensa a ƙasa suke sa nasu. Ni ban san yadda ake yi ba, bari in kawo wanda ya sani." Har likkafani tsohon ya zo da shi, yana naɗe ƙarƙashin gadon.

Ba a yi amfani da shi ba. Aka yi ta shafa mini ruwan albasa a tafin ƙafa da bayan kunne, aka ƙunsa mini lalle a ƙafa kamar ango, aka yi ta ɗura mini tsala da jiƙon baƙin tsaban nan. Maji ta ƙwace yajina da cittata ta kulle. In ta kawo abu takan nuna lungun ƙararrawa ta girgiza kai, wato wannan bai biya ta can ba. Tsohon marinin, Abdulkarimu sunansa, yakan zo da la'asar mu yi salla tare. Ba ma jin maganar juna. Mu zauna kawai, in ya gaji ya tafi.

Ranar da zan taso, ruwan farko ya riga ya sauka. Na sami kofin tagullar a kan kayana. Na mayar, Mohan ya ce, "Ɗauka. Ba za ta ƙara sha da shi ba. Ta san haka tun kafin ta ba ka." Maji ta tsaya nesa kaɗan yadda ta saba, ta haɗa tafin hannuwanta. Sa'an nan ta jefo mini albasa. Wannan karon na sa a aljihu.

Na iso Zariya na sami Inna a inda na bar ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka rame." Can ta ce, "Shi fa maigidan naka, sun ƙona shi?" Na ce e. Ta ce, "Allah sarki, mai ba ni sabulu." Na gaya mata labarin Maji. Ita ke goge kofin da toka yanzu, ba ta barin yara su taɓa.

Bana da zafi ya yi tsanani na samo saiwar jema na sa an saƙa mini asabari, ina watsa masa ruwa. Ina gasa ɗanyen mangwaro. Sule ya ce na je ƙasar Hindu na koyo ɓarnar mangwaro, amma kullum da azahar sai ya zo da moɗarsa. Na rama azumin da na sha, har na ƙara don kada lissafina ya kasa. Duk da haka in an watse na zauna ni kaɗai ina jin ƙamshin jemar nan, sai in ga kamar rabina na can bakin ƙofar gidan Maji. Ba wanda zan ce wa "ka tuna?"

Saboda haka ina roƙon masu karatu abu biyu. Na farko, baƙin tsaban nan da ke kumbura a ruwa. Ganyensa na ƙamshi kamar ɗoɗɗoya, amma ban tabbata ba, kuma ba zan ba Inna abin da ban tabbatar ba. Wanda ya san sunansa da Hausa, ko inda yake fitowa a ƙasar Zazzau, ya taimake ni.

Na biyu ya fi nauyi. Na aika wa Mohan gaisuwa ba amsa, kantin Sabon Gari kuma ya koma hannun wasu da ba su san gidan ba. In akwai Ba'indiye a Kano ko Jos ko Ikko, ko wani alhaji da ya haɗu da mutanen can, wanda ya san dangin Baba Lala mai yadi, ina so in san ko Maji na da rai. Inna ta kaɗa zare da hannunta, an saƙa zane fari ƙal, irin wanda Maji take ɗaurawa. Yana nan naɗe cikin adaka, ba mu san inda za mu aika ba. Duk mai labari ya tambayi Tanimu mai awon yadi a Limancin Kona. Ba na zuwa ko'ina.